Yadda Ake Hawan Keke a Hanyoyin Burji na Duwatsun Ɗa'ifa, Baha da Asir

Galibin mutanenmu na Jidda da Makka sun san Ɗa'ifa a matsayin wurin gudun zafi: a cika mota da iyali, a hau dutsen Hada, a sha iska, a sayo rumman da inabi a dawo. Amma jerin duwatsun Sarawat bai tsaya a nan ba. Ya miƙe kudu ta Baha, Baljurashi, Namas, Tanuma har Abha, kuma bayan kwaltar da kowa ke bi akwai hanyoyin burji da tsakuwa da manoma, makiyaya da masu kiwon zuma suka fitar. Suna ratsa dazukan itacen ar'ar, suna bin gefen gonakin da aka jera a jikin tudu da katangun dutse. Waɗannan hanyoyi ne mai keken burji ke nema.

Kafin a shiga matakai, ka riƙe siffar ƙasar a ranka, domin duk shirin a kanta yake. Ta gabas, duwatsun suna sauka a hankali zuwa wajen Aƙiƙ da Bisha. Ta yamma kuwa yanke suke, suna faɗawa ƙasar Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke bakin Bahar Maliya, da tazarar da takan haura mita 1,500 a 'yan kilomitoci kaɗan. Garuruwan suna sama ne, a bakin wannan yanka. Ke nan kai da ka ajiye mota a gari daga ƙololuwa ka fara, kuma kusan duk hanyar da ta ba ka sha'awa gangara ce. Gangara a nan bashi ce, za ka biya ta da hawa lokacin da rana ta take kuma ƙarfinka ya ragu.

Mataki na 1: Zaɓi yankin da ya dace da ƙarfinka

Mai farawa ya fara da Shafa, kudu maso yammacin Ɗa'ifa, tafiyar kusan rabin awa a mota daga cikin gari. Ɗa'ifa kanta tana kan tsayin kimanin mita 1,800, Shafa ta haura 2,000, dutsen Daka da ke kusa da ita ya wuce 2,500. Ƙauyuka suna kusa da juna, baƙala, wato shagon kayan masarufi, ba ta nisa, kuma in abu ya lalace ba ka yi nisa da kwalta ba. A watannin Maris da Afrilu ake tsinkar furen wardi a gonakin yankin, sai dai manoma suna cikin aiki a lokacin, motocinsu na kai da kawowa tun asuba.

Baha tana kudu da Ɗa'ifa da kimanin kilomita 220. A ganina ita ce ta fi daɗi ga wanda ya ɗan saba. Dajin Ragadan yana dab da gari, amma cikinsa wurin shaƙatawar iyalai ne, ba wurin gudu ba. Ka mai da shi wurin ajiye mota da ɗumama jiki, sannan ka nemi hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan wajen Mandaƙ da Baljurashi.

Asir sai wanda ya ƙware. Abha tana kan mita 2,200 da wani abu, Suda kuma, kimanin kilomita 25 daga gari, tana kusan 3,000. A nan dajin ya fi duhu, gandun Asir ma tun 1981 aka keɓe shi. Sai dai ayyukan gine-ginen yawon buɗe ido da aka ƙaddamar a Suda cikin 2023 sun sa ba kowace hanya ake barin mutum ya bi ba, don haka ka tambayi mahaya na Abha kafin ka ɗaura aniya. Namas da Tanuma sun fi shiru. Idan ka yi sa'a a can za ka ga tsuntsun aƙ'aƙ na Asir, baƙi da fari mai dogon wutsiya, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai waɗannan duwatsu. Yankunan da ke kusa da iyakar Yaman kuwa ka bar su gaba ɗaya.

Mataki na 2: Zana hanyar tun kana gida

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin ganganci. Buɗe manhajar taswira irin su Komoot, Ride with GPS ko Wikiloc, ka ga abin da wasu suka bi a yankin. Kada ka yarda da layin taswira kawai. Ɗauki kowane sashe ka duba shi a hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth. Hanya mai sawun taya biyu a bayyane ana binta. Wadda ta dushe a tsakiya, ko ta ƙare a gindin wani gida, ko ta shige cikin gadon wadi, wato busasshen rafi, ta ɓace, ka ɗauka ba ta fita. Hanyoyi da yawa a nan an yi su ne don a kai ga gona ɗaya ko jerin amya, daga nan sai komawa.

Sai lissafin hawa, wanda ya fi na kilomita muhimmanci. Wanda ya saba yin kilomita 60 a bakin tekun Jidda zai ga kilomita 30 kamar wasa, alhali in akwai hawan mita 800 a ciki, aikin yini ne. Ga ƙiyasin da nake amfani da shi ga matsakaicin mahayi: awa ɗaya ga kowane kilomita 15, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 500. Hanya mai kilomita 30 da hawan mita 750 ta zama awa uku da rabi ke nan, ban da hutu da salla. Karon farko kada ka wuce kilomita 25 da hawan mita 500.

Duba tsananin hawan kuma. Manhajojin suna nuna shi da kashi cikin ɗari: kashi 10 na nufin kana tashi mita 10 a kowace tafiyar mita 100. A kan kwalta ana jure wannan. A kan tsakuwa mai zamewa, da zarar ya haura kashi 12 tayar baya takan fara juyawa a banza, sai ka sauka ka tura. Turawar mita 200 ba komai ba ce, amma in ka ga jan layi, alamar hawa mai tsanani, na kilomita biyu a jere, sake hanya.

Ka tsara zagaye yadda hawa mafi tsanani zai zo a kashin farko, dawowa mota kuma ta zama gangara ko shimfiɗe. In siffar wurin ba ta ba da haka ba, ajiye motar a ƙauyen da ya fi ƙasa, ba a kan tudun da ya fi kyan kallo ba. Ka kuma sa alama a wurare biyu aƙalla inda burjin ya kusanci kwalta, don in an gaji a yanke.

Batun aƙaba, wato manyan hanyoyin da ke sauka Tihama, ra'ayina a kansu mai tsauri ne. Aƙabar Sarki Fahad da ke sauka daga Baha zuwa Makhwa ta wuce ta kusa da ƙauyen Zi Ain tana da ramukan ƙarƙashin dutse sama da ashirin, ga motoci. Aƙabar Samma da ke sauka daga Suda zuwa Rijal Alma kwana ce bisa kwana, mai tsananin gangara. Kyan ƙauyukan ba a magana, amma ka je musu a mota. Wanda ya dage sai ya sauka a keke, to ya tanadi direban da zai jira shi a ƙasa, domin zafin da ya gudo wa a Jidda yana nan yana jiransa a Tihama. Iska takan ƙara ɗumi da kusan digiri 6 a kowace saukar mita 1,000.

Da ka gama, sauke hanyar a matsayin fayil ɗin GPX, wanda manhajojin taswira ke karantawa, ka kuma sauke taswirar yankin a wayarka yadda za ta buɗe ba tare da intanet ba. Cikin kwazazzabai sabis yakan ɗauke.

Mataki na 3: Gyara keken

Ba sai ka sayi keke mai tsada ba. Keken dutse na yau da kullum zai yi aikin, wani wurin ma ya fi keken burji daɗi. Abin da ba zai yi ba shi ne keken tsere mai siririyar taya. Abubuwa uku za ka sa wa ido: taya, giya, birki.

Taya ta zama mai faɗin milimita 40 zuwa 45, mai ƙananan haƙora. In za ka iya, mai da ita marar tif, irin wadda ake zuba wa ruwan gam a ciki, domin ƙayar itacen ɗalhi tana warwatse a gefen hanyoyi, musamman a ɓangaren gabas. Ruwan gam ɗin yana bushewa da wuri a zafin Hijaz, don haka in ya yi wata biyu zuwa uku a ciki ka ƙara sabo. Iska kuwa, mutum mai nauyin kilo 75 zai fara da PSI (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 32 a gaba, 35 a baya, ya rage ko ya ƙara gwargwadon abin da ya ji. Kada ka auna a Jidda ka ce ka gama. Tayar da aka hura a bakin teku, in ta hau mita 2,000, ma'auni zai nuna ta ƙaru da kusan PSI 3, saboda iskar waje ta yi sauƙi. Auna a inda za ka hau.

Giya ita ce ke raba wanda zai ji daɗi da wanda zai sha wuya. Kana buƙatar giyar da faifan baya ya kai na gaba yawan haƙora ko ya fi shi: 40 a gaba da 42 a baya, ko 30 a gaba da 34 a baya. Da wannan ta biyun kowane juyin feda yana kai ka ƙasa da mita biyu, kuma abin da gwiwarka ke so ke nan a kan tudu. In bakanike ya ce maka giyar da keken ya zo da ita ta isa, tambaye shi ko ya taɓa hawa Shafa.

Birki ya zama na faifai, mai faɗin milimita 160 gaba da baya. Duba takalmin birkin, in ya kusa cinyewa canza shi, ka kuma sa wani sabo a jaka. Idan za ka cire tayar gaba don keken ya shiga mota, cusa robar da ake sawa tsakanin takalman, in ba haka ba wani ya matsa birki su haɗe, ka iso dutse kana fama da sukuddireba.

Kayan gyara: tif biyu ko da tayarka marar tif ce, faci, famfo, makullan alan, mahaɗin sarƙa, da ɗan man sarƙa. Masu banshar, wato masu facin taya, na ƙauye tayar mota suka sani, bakin famfonsu ma ba ya shiga siririn bawul, don haka ka sayi ƙaramin mahaɗin bawul ka ajiye.

Mataki na 4: Lokaci da yanayi

Ruwa yana sauka a duwatsun nan a lokuta biyu: daga Maris zuwa Mayu, sannan Yuli da Agusta, galibi bayan azahar, da tsawa, wani lokaci da ƙanƙara. Hazo yana tasowa daga Tihama ya rufe bakin dutse cikin 'yan mintuna, har ka kasa ganin abin da ke gabanka da mita goma. Da hunturu, safiyar Namas da Suda takan yi sanyin da yatsu ke ƙagewa a kan birki. Watannin da na fi so su ne Oktoba da Nuwamba: masu hutun bazara sun watse, sama ta fi washewa.

Ko wane wata ne, ƙa'idar ɗaya ce: ka fita bayan sallar asuba da gari ya waye, ka kasance a mota kafin azahar. Safiyar Juma'a ta fi kowace shiru, amma baƙaloli a rufe suke, kuma dole ka lissafa inda za ka samu Juma'a. Daren da za ka fita duba sanarwar Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasa. In an ba da gargaɗin ruwa mai ƙarfi a yankin, fasa.

Ka kwana ɗaya a sama kafin ka hau keke. A tsayin mita 2,500 iskar da ke shiga huhunka a kowane numfashi kusan kashi uku cikin huɗu ce ta wadda ka saba a bakin teku. Za ka ji zuciya tana bugawa da sauri a hawan da bai kai ya kawo ba, kuma wannan ba ciwo ba ne. Amma ciwon kai mai tsanani da tashin zuciya da jiri alama ce ta ka tsaya, ka sauka zuwa wuri mai ƙasa. Mai sikila ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita tukuna, domin tsayi da ƙishirwa suna iya tayar da ciwon sikila, kuma cutar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu.

Mataki na 5: Abin da za ka ɗauka a jikinka

Ruwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa. Sanyin wurin yana yaudara: iskar a bushe take, gumi yana ƙafewa ba ka gani. Zuba ɗan gishiri da sukari a gora ɗaya. Abinci, dabino biyar ko shida a awa sun wadatar, da ɗan burodi da cuku. Hular kwano, safar hannu, tabarau, rigar iska mai naɗewa, fitilar gaba da ta baya ko da rana ce, saboda hazo. Iƙama, wato katin izinin zama, ko katin shaidarka, ɗan kuɗi a hannu, da batirin cajin waya.

Sutura: sa wando mai sako-sako da ya rufe gwiwa a kan matsattsen wandon keke. Ƙauyukan kudu mutanen kunya ne, kuma dokar ɗa'a a bainar jama'a ta 2019 ta shafi sutura, ta kuma hana ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba.

Kada ka tafi kai kaɗai. Uku ya fi biyu: in ɗaya ya faɗi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemi inda sabis yake. Tura wa wani na gida hanyar da lokacin da za ku dawo. Motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce, Difa'il Madani, masu kashe gobara da ceto, 998, a yankin Makka kuma, wanda ya haɗa da Ɗa'ifa, 911 ta haɗa duka.

Mataki na 6: A kan hanya

Rabin awar farko ka tafi kamar mai jin kasala. A hawa, zauna a kan sirdi, domin in ka miƙe tsaye nauyi ya bar tayar baya sai ta zame. Sauya giya kafin tudun ya kama ka, ba bayan sarƙa ta ɗaure ba. In ba ka iya yin magana da na kusa da kai, to saurinka ya yi yawa.

Gangara ce ke kai mutane asibiti. Ja ƙugunka baya, sassauta gwiwar hannu, riƙe ƙasan ƙahon keke inda yatsa ya fi samun birki, ka kalli inda kake son zuwa, ba ramin da kake tsoro ba. Rage gudu kafin kwana, a cikin kwana kuma ka saki birkin gaba, domin matsa shi a kan tsakuwa keke na karkace faɗuwa ce. A doguwar gangara kada ka riƙe birki kana jansa tun daga sama har ƙasa. Matsa da ƙarfi, saki, sake matsawa, don faifan ya sha iska. In ka ji ƙauri ko birkin ya yi laushi, tsaya minti biyar, kuma kada ka taɓa faifan da hannu. A gargada, ɗaga kaɗan daga sirdi ka bar keken ya yi rawarsa. A yashi, giya mai sauƙi, feda ba tsayawa, kan keke a miƙe.

Gadon wadi ka ratsa shi, kada ka bi shi, kada ka huta a cikinsa. Ruwan da ya sauka a kan dutsen da ba ka gani yana iya isowa inda kake alhali rana na haskawa a kanka. In ka tarar ruwa na gudu, ko bai kai gwiwa ba, juya.

Birai za ka gamu da su, musamman kusa da wuraren da masu yawon buɗe ido suka saba jefa musu abinci, kamar Hada, Ragadan da Suda. Kada ka ba su komai, kada ka buɗe leda a gabansu, kada ka zura wa babban namijin ido. Wuce a hankali. Karen makiyayi in ya biyo ka a hawa ba za ka tsere masa ba, sauka ka sa keken tsakaninku, ka yi ta tafiya har ka bar garken. In ka hango akwatunan zuma ko amya a jere, ka ba su tazara, kuma ranar ka bar turare a gida.

Hanya takan ratsa ta gefen gida ko gona. Rage gudu, yi sallama. In dattijo ne ka sauka daga keke: "Assalamu alaikum, ya ammi," sannan ka tambaya ko hanyar tana fita. Amsarsa ta fi ta manhaja inganci, domin shi ya san inda ruwan bara ya cinye. In ka buɗe ƙofar shinge ka rufe. In an miƙo maka gahawa ka karɓa da dama, ko kofi ɗaya ne.

Cikin daji ka tsaya a kan hanyar da ke akwai. Ar'ar itace ne mai jinkirin girma, kuma da yawa daga cikinsu suna bushewa a sassan da suka fi ƙasa. Sare reshe, tara itacen girki ko hura wuta a inda ba a tanada ba laifi ne mai tara, jami'an tsaron muhalli kuma suna zagaye. Ledar dabinonka ta koma aljihunka.

Mataki na 7: Bayan an sauka

Kafin ka loda keken, juya tayoyin ka cire ƙayoyin da suka maƙale, goge ƙura daga sarƙa, ka duba takalmin birki, domin yini ɗaya a nan yakan ci abin da wata guda bai ci a gari ba. Ajiye hanyar da wayarka ta naɗa, ka rubuta inda ta toshe da inda aka samu ruwan sha, ka tura wa 'yan'uwa masu niyyar zuwa.

Ci abinci ka ɗan kwanta kafin ka kama sitiyari, gajiyar dutse a kan hanyar komawa take fitowa. Masu komawa Makka da Jidda su sani ana rufe hanyar Hada idan hazo ko ruwa ya yi ƙarfi, sai a zaga ta Sailul Kabir. Wanda kuma ya ƙudura yin Umra a dawowa, ya sa haraminsa a jaka tun daga gida: ta Hada zai ɗaura a Wadi Muhrim, ta ɗaya hanyar kuma a miƙatin Sail.